Baƙin allon da ke riƙe da rezo: yadda ma'aikatan sadarwa ke bin menu na rubutu don sarrafa na'urori

Duk mai waya a Nijar ya san yadda ake danna tauraro da ƴan lambobi a rufe da alamar #, sai jerin zaɓi ya fito: 1 don sayen furfe, 2 don duba kiredi, 3 don tura kuɗi. Babu hoto, babu launi, rubutu ne kawai da lambobi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, na'urorin da ke ɗauke da rezon kansa, waɗanda ke rufe cikin akwatunan ƙarfe a gindin antan, da na ɗakunan bankuna da ma'aikatu, har da ƙaramar na'urar mai sayar da wifi a unguwa, da yawansu da irin wannan hanya ake ba su umarni. Ma'aikaci ya buɗe kwamfuta, baƙin allo ya fito, ya shiga bin menu daki-daki.

Sanin yadda wannan aiki ke gudana yana da amfani ga matasan da ke koyon sana'ar, da masu siba, da masu wifi a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da duk shugaban ma'aikatar da ke kiran tekinisiyan ya taɓa masa na'ura. A wannan allo, lamba guda da aka danna ba daidai ba tana iya katse intanet ga gida ɗaya, ko ga gari sukutum.

Me ya sa har yanzu rubutu?

Asalin tsarin ya girmi intanet da muka sani. A 1978 kamfanin DEC na Amurka ya fitar da wani allo mai madannai da ake kira VT100, mai nuna layi 24, kowane layi harafi 80. Ya samu karɓuwa sosai, har ya zama ma'auni: yau ma idan ma'aikaci ya buɗe manhaja irin su PuTTY ko Tera Term don magana da na'ura, kwaikwayon wancan tsohon allo kwamfutarsa ke yi.

Dalilin da ya sa ba a yar da shi ba shi ne sauƙinsa. Cikakken allo bai wuce harafi 1920 ba. A kan wayar haɗi mai gudun 9600, wadda ke kai harafi kusan 960 a daƙiƙa, cikin daƙiƙa 2 allon ya cika. Shafi mai hotuna da maɓallai yana buƙatar rezo mai lafiya kafin ya buɗe, alhali ma'aikaci ya fi buƙatar shiga na'ura a daidai lokacin da rezon ya yi rauni ko ya mutu. Ga shi kuma rubutu ana iya kwafe shi, a adana, a aika wa wani ya duba, a kwatanta na jiya da na yau.

Ƙofofi biyu na shiga

Ƙofar farko ita ce ta kusa. A jikin na'urar akwai wata kafa ta musamman da aka rubuta wa Console, inda ake soka waya a haɗa da kwamfuta. Wannan ƙofa ba ruwanta da intanet. Muddin na'urar na da wuta, za ta amsa. Sai dai dole a daidaita gudun magana tsakanin ɓangarorin biyu. Yawancin na'urorin Cisco da tsofaffin ZyXEL suna amfani da 9600, na MikroTik kuwa 115200. Idan gudun bai zo ɗaya ba, allon zai cika da tarkacen alamomi marasa ma'ana, ko ya tsaya shiru. Sabbin shiga kan ɗauka na'urar ce ta ƙone, alhali lamba ɗaya ce za a gyara a kwamfuta.

Ƙofa ta biyu ita ce ta nesa, ta cikin rezon. Da ita ne injiniyan da ke zaune a Yamai ke duba na'urar da ke Damagaram, kusan kilomita 900, ba tare da ya tashi daga kujera ba. Hanyoyi biyu aka sani. Telnet, wadda ta samo asali tun 1969, tana aika komai a fili, har da kalmar sirri, ta yadda wanda ya laɓe a hanya zai iya karantawa. SSH, wadda wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a 1995, tana rufe saƙon da makullin lissafi. Duk inda na'ura ta yarda da SSH, ita ake so a buɗe, a rufe Telnet.

Ko ta wace ƙofa aka bi, abu na farko da na'ura ke tambaya shi ne kalmar sirri, kuma sau da yawa ba ta nuna abin da ake bugawa. A nan akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Madannan kwamfutocin da suka fi yawa a Nijar na tsarin Faransa ne, AZERTY, inda layin sama ba ya ba da lamba sai an danne Maj. Wanda ya buga 1234 bai danne ba, alamomin & é " ' ya aika, na'ura kuma ta ƙi shi. Kafin a zargi na'ura, a fara buga kalmar a wani wuri inda ido zai gan ta.

Menu kamar gida ne mai ɗakuna

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar menu ita ce a ɗauke shi kamar gida: zaure, sannan tsakar gida, sannan ɗakuna, kowane ɗaki da ƙuryarsa. Misali mai kyau shi ne na'urorin Prestige na kamfanin ZyXEL na ƙasar Taiwan, waɗanda suka bazu a duniya zamanin intanet ta layin tarho, ADSL. Da zarar an shiga, babban menu ke fitowa, kowane ɗaki da lambarsa. Lamba 1 ta saitin gaba ɗaya ce, kamar sunan na'ura. Lamba 3 ta rezon cikin gida. Lamba 4 ta haɗi da kamfanin da ke ba da intanet. Lamba 21 ta matatar da ke hana wasu saƙonni wucewa. Lamba 23 ta kalmar sirri. Lamba 24 ta kula da lafiyar na'ura. Lamba 99 kuma ita ce ƙofar fita.

A buga lamba, a danna Entrée, an shiga. A danna Échap, an koma baya da taki ɗaya. Lambar da ke saman allo tana faɗa wa mutum inda yake: 24.1 na nufin ɗaki na 24, ƙurya ta 1, inda ake ganin halin da layuka ke ciki. A 24.3 ake karanta tarihin abubuwan da suka faru, a 24.4 ake gwaje-gwaje, a 24.5 ake kwafe saiti a ajiye, a 24.6 ake mayar da shi.

Cikin ɗaki, allon yana zama kamar takardar cikewa. Kibiyoyi ko Entrée ke kai mutum daga gurbi zuwa gurbi. Wasu gurabe ana rubutu a ciki, wasu kuwa zaɓi ne da aka riga aka tanada, sai a riƙa danna dogon madannin tazara har wanda ake so ya fito. Gurbin da aka sa wa N/A ba ya aiki a wannan yanayi, a wuce shi. A ƙasan allo akwai layin da ke cewa a danna Entrée don tabbatarwa ko Échap don fasawa. Wannan layi shi ne iyaka: kafin shi duk abin da aka rubuta zane ne a ƙasa, bayan shi ya zama doka ga na'ura. Idan kuma aka bar allon minti 5 ba a taɓa ba, na'urar kan fitar da mutum, sai ya sake shiga.

Sauran kamfanoni sun bi tsari makamancin haka da ɗan bambanci. A na'urorin ProCurve na HP, waɗanda ke haɗa kwamfutocin ofis, ana rubuta kalmar menu sai jerin ya fito: 1 don ganin hali da ƙididdiga, 2 don saiti, 3 don kalmomin sirri, 4 don tarihin abubuwan da suka faru, 0 don fita. MikroTik na ƙasar Latbiya, wanda masu sayar da wifi suka sani sosai, ya sa wa ɗakunansa sunaye maimakon lambobi: a rubuta /ip address a shiga ɗakin adireshi, a buga ɗigo biyu a koma baya, a buga / a dawo zaure. A manyan na'urorin wayar salula na Huawei kuwa, kowane umarni yana farawa da gajeren fi'ili: LST da DSP don dubawa, ADD don ƙarawa, MOD don canzawa, RMV don cirewa. Harshen allon kusan kullum Ingilishi ne, abin da ke ƙara wa wanda ya yi karatu da Faransanci nauyi, amma kalmomin da ake maimaitawa ba su da yawa, cikin ƴan makonni ake haddace su.

A duba kafin a taɓa

Duk waɗannan tsare-tsare sun raba ɗakuna gida biyu: waɗanda ake kallo kawai, da waɗanda ake canza abu. Ƙwararren ma'aikaci yana daɗewa a na farko, ya taƙaita zama a na biyu.

A ɗauki misalin ofishin da intanet ta ɗauke. Mai gaggawa zai faɗa ɗakin saiti ya shiga sauya lambobi. Mai bin ƙa'ida zai fara da allon hali. Shin layin waje a tsaye yake ko ya faɗi? Ƙididdigar saƙonnin da ke shiga da masu fita tana motsi? Idan masu fita na ƙaruwa, masu shiga sun tsaya cik, matsalar ta fi kama da ta can gefen kamfani ko ta wayar da ke tsakani. Idan adadin kurakurai na hawa, a duba waya da mahaɗinta, ƙura da zafi da ɓera duk suna aikinsu. Tun yaushe na'urar ke kunne? Idan ta nuna minti 10 alhali ba wanda ya kashe ta, to wuta ce ke yanke mata ko batir ya gaji. Daga nan sai tarihin abubuwan da suka faru, wanda ke nuna sa'ar da layin ya faɗi. Sai gwajin ping, wato aika ɗan saƙo zuwa wani adireshi a ga ko zai dawo: a fara da na kusa, a matsa zuwa na nesa, inda amsa ta tsaya nan matsalar take.

Sau tari wannan zagaye yana nuna cewa saitin lafiyarsa lau, babu abin canzawa. Idan kuwa dole a canza, ƙa'idar ita ce a kwafe saitin da ke akwai tukuna, a rubuta tsohuwar lamba a takarda, a canza abu ɗaya, a gwada, sannan a wuce na gaba. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda, ko intanet ta dawo bai san wanne ya gyara ta ba, idan ta ƙara lalacewa kuma bai san wanne zai warware ba.

Adanawa: inda na'urori suka saɓa

Babu inda sabbin ma'aikata ke faɗuwa kamar wajen adana aiki, domin kowane kamfani da al'adarsa. A menu na ZyXEL, da an tabbatar a ƙasan allo, saitin ya zauna. A MikroTik, umarni yana fara aiki nan take kuma ya zauna. A Cisco kuwa saiti biyu ne: wanda ke gudana yanzu, da wanda na'ura za ta karanta idan ta sake tashi. Canji yana shiga na farko kawai, sai an ba da umarnin kwafe shi zuwa na biyu. Haka na'urorin rarraba intanet na Huawei ke jiran umarnin save. A menu na HP, alamar tauraro kusa da wani layi tana nufin canjin ba zai fara aiki ba sai an sake kunna na'urar.

Ga ƙasar da wuta ke yawan ɗaukewa a watannin zafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tekinisiyan ya yi gyara, komai ya tafi daidai, an biya shi ya tafi. Bayan kwana uku wuta ta ɗauke, na'ura ta tashi da tsohon saiti, matsala ta dawo. Mai ofis ya ce an cuce shi, alhali umarni ɗaya ne aka manta. Shi ya sa masu ƙwarewa, idan hali ya yi, sukan kashe na'urar su kunna a gaban mai ita kafin su tafi.

Sare reshen da ake zaune a kai

Haɗari mafi girma yana ga mai aiki daga nesa, domin hanyar da yake bi ya shiga na'urar, ita kanta na'urar ce ke riƙe da ita. Idan ya canza adireshinta, ko ya rufe kafar da ya shigo ta ciki, ko ya sa matatar da ta haɗa da shi, allon zai daskare a take. Na'urar tana nan da ranta amma ba mai iya kai mata. Idan tana Dakwaro shi kuma yana Maraɗi, sai an tada mota an yi tafiyar sama da kilomita 100 da wayar haɗi a jaka, jama'a kuma suna zaune babu rezo: mai tura kuɗi ya tsaya, ɗan kasuwa bai ji farashi ba, mai haƙuri bai samu kiran likita ba.

Kamfanoni sun tanadi maganin wannan. MikroTik yana da yanayin kariya da ake kunnawa da Ctrl da X: idan haɗin ya yanke ba zato, na'urar tana warware canje-canjen da aka yi tun kunna shi. A Juniper akwai umarnin da ke sa canji ya yi aiki na minti 10, idan ba a dawo an tabbatar ba ya koma yadda yake. A Cisco, dabarar da aka saba ita ce a umarci na'ura ta sake tashi bayan ƴan mintuna, a yi canjin ba tare da adanawa ba. Idan an rufe wa kai ƙofa, za ta tashi da tsohon saiti, idan komai ya yi kyau sai a soke umarnin a adana.

Kada a ɗauka ƙananan ma'aikata kaɗai abin ke samu. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa 6. Bayanin da kamfanin ya bayar shi ne, wani umarni da aka bayar lokacin aikin kulawa na yau da kullum ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsa, manhajar da ya kamata ta tare umarnin kuma ta kasa. Hanyoyin shiga daga nesa sun tafi tare da rezon, sai da aka tura injiniyoyi da ƙafarsu zuwa inda na'urorin suke.

Kalmar sirrin da kowa ya sani

Na'ura tana fitowa daga masana'anta da kalmar sirri ta gama-gari, wadda ke rubuce cikin littafinta, littafin kuma yana intanet. Ta tsofaffin ZyXEL ita ce 1234. Na'urorin MikroTik sun shekara da shekaru suna zuwa da suna admin ba tare da kalmar sirri ba sam. Wanda ya girka na'ura bai shiga ɗakin kalmar sirri ba, ya bar gida a buɗe.

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta nuna abin da hakan ke jawowa. Tana yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar Telnet, tana gwada sunaye da kalmomin sirri na masana'anta kimanin 60, ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin rarraba intanet, aka riƙa amfani da su wajen kai hari. Afirka ta Yamma ba ta tsira ba: a wannan shekara an yi amfani da wani nau'inta kan kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, har intanet ta tabarbare a ƙasar. A Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure ɗan Birtaniyan da ya kai harin, Daniel Kaye, shekara 2 da wata 8.

A nan gida ma, dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba. Samun ƙofa a buɗe ba izini ba ne, kuma matashin da ke son koyo ya nemi tsohuwar na'ura tasa ta kansa ya yi gwaji a kai.

Abin da mai na'ura zai nema

Mai siba ko mai wifi ko shugaban ofis ba sai ya iya bin menu ba, amma akwai abubuwan da ya kamata ya nema duk ranar da aka taɓa masa na'ura. Ya tabbatar an canza kalmar sirrin masana'anta, kuma an ba shi sabuwar a rubuce, domin na'urar tasa ce, tekinisiyan kuwa yana iya yin tafiya ko a ɓata da shi. Ya karɓi kwafin saiti a kile, da kwanan wata a jikin sunan. Ya ajiye ɗan littafi kusa da na'urar inda duk wanda ya yi canji zai rubuta rana da abin da ya canza. Ya tambaya ko an rufe Telnet, da kuma ko ana iya shiga na'urar daga waje, idan ana iyawa, wa ke da izini.

Sannan ya gargaɗi yaran shago game da ɗan ramin nan da aka rubuta wa Reset. Danna shi da tsinke na ƴan daƙiƙu yana share duk saitin, ya mayar da na'ura yadda ta fito daga kwali, har da tsohuwar kalmar sirri. Idan akwai kwafi a kile, gyaran na ƴan mintuna ne: a shiga ɗakin mayar da saiti, a ɗora, a sake kunnawa. Idan babu, sai an sake gina komai daga tushe, a sake biyan kuɗin aiki, abokan ciniki kuma suna jira a ƙofa.